Karatu ne ya sanyaya mini addu'a?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikkilisiyarmu. Shekara biyu ke nan na duƙufa a kan littattafan sharhi da tarihin ikkilisiya, har ina tunanin neman shiga TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru. Sai wani yayanmu na ƙungiyar addu'a ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, harafi kisa yake yi, Ruhu ke rayarwa. Ka rage littattafan nan." Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya addu'ata ta yi sanyi. Ko fasto na wa'azi, inda zai yi kuskure nake jira. In bar karatun ne?

Wani malamin Makarantar Lahadi:
Ɗan'uwa, buɗe 2 Korintiyawa sura 3 ka karanta ta duka. Harafin da Bulus yake nufi Shari'a ce da aka rubuta a kan allunan dutse, yana gwada ta da sabon alkawari. Ba karatu ya hana ba. Shi kansa a gaban Gamaliyel ya yi karatu, kuma yana kurkuku ya aika wa Timoti ya taho masa da littattafai da fatun rubutu (2 Timoti 4:13). Mutanen Biriya ma yaba musu aka yi don kullum suna bin Nassi su tabbatar da abin da aka faɗa musu.

Wata mama daga Zumuntar Mata:
Ɗana, malam ya faɗi gaskiya, amma kada ka ji daɗi ka wuce. Yayan nan naka ya kuskure ayar, ciwon kuwa ya gano shi. Ni ban wuce karatun yaƙi da jahilci ba, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na girma, amma na san wanda ya je sujada farautar kuskuren fasto da yunwa zai koma gida. Ilimi yakan kumbura mutum, ƙauna ke ginawa. Abin da ka karanta da safe, ka durƙusa ka mai da shi addu'a kafin ka koya wa kowa. Fastonka kuma ka riƙa yi masa addu'a daren Asabar, zai yi wuya ka zauna kana auna shi ran Lahadi.

Wani dattijon ikkilisiya:
Markus 12:30 ta ce mu ƙaunaci Allah har da dukan hankalinmu. Byang Kato, ɗan Kwoi, ya yi karatun tauhidi har digirin dakta a Amurka, ya dawo ya yi wa ikkilisiyar Afirka hidima har rasuwarsa a 1975. Ka nemi makarantar, amma ka fara zama da fastonka ka faɗa masa abin da ka faɗa mana, har da na wa'azin.

Mai tambaya:
Na gode malam, na gode Baba. Mama, taki ta fi yi mini zafi, ita kuma zan fara bi. Jibi bayan sujada zan ga fasto. Ku sa ni a addu'a, don faɗa masa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.