Ƙanena ya daina salla tun da aka cinye gonar Inna

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim.

Da kakanmu ya rasu ya bar gonaki huɗu, ɗaya a fadama. Kawunnanmu suka raba a tsakaninsu, Innarmu aka sallame ta da buhun gero biyu, wai mace ba ta riƙe gona. A zauren liman aka yi, shi ya shafa fatiha, ƙanena yana tsaye a bakin ƙofa. Tun daga ranar ya fara ja baya da masallaci, yanzu ya daina salla gaba ɗaya. In na yi magana sai ya nuna min almajiran da ke zuwa ƙofarmu da asubar hunturu, roba a hannu, ƙafa duk faso, ya ce: "Yaya, da sunan me aka turo su?"

Amma shi ke sayen maganin Inna, kuma da kaka sai ya fitar wa marayun maƙwabta damin gero. Ya ce zumunci da tausayi da gaskiya ya riƙe, sauran ya ajiye. Baba yana so a kai shi ruƙiyya. Ni kuwa bakina ya mutu, don maganar gonar gaskiya ce. Yaya zan yi?

Wani malamin Islamiyya, Gumel: 'Yar uwa, abin da aka yi wa mahaifiyarku zalunci ne. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, aya ta 11 ta fayyace kason. Ba a ware gona ba. Liman ya yi shiru ne a inda Alƙur'ani ya yi magana. Amma ki gaya wa ƙanenki a hankali, kyautata wa mutane ba ya ɗauke salla.

Wani daga Bichi: Malam, wannan amsar ba za ta ishe shi ba. Kullum cewa muke ba laifin addini ba ne, laifin mutane ne, sannan mu koma mu bi mutanen nan salla, ba wanda ya tanka musu. Yaron abin da idonsa ya gani yake aunawa.

Hajiya, Birnin Kudu: 'Yata, kada ku kai shi ruƙiyya, ba aljani ba ne, ciwon zuciya ne. Kada kuma a yayata, kar wani ya kira shi da sunan da zai jefa shi cikin haɗari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ganin ɓarna a ƙi ta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki fara da gonar. Ku je wajen dagaci, in ya gagara ku kai kotun shari'a, gado ne. Ki tafi da ƙanenki, ya gani da idonsa.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. Inna tana tsoron a ce ta kai 'yan uwanta ƙara, amma yau da daddare zan zaunar da su ita da shi.