Waɗanda suka kalli The Hunger Games kafin su karanta littafin, ku zo ku faɗa mana yadda kuka ji

Uwar ɗakin karatu:
Salam jama'a. Ina so ne kowa ya faɗi yadda abin ya zo masa, wanda ya fara da fim sannan ya koma littafin Suzanne Collins, da wanda ya fara da littafi. Wanda bai gama ba ya yi haƙuri ya tsallake don za mu tona komai har ƙarshe. Ni dai fim na fara kalla, na 2012, a wajen masu tura finafinai a waya aka saka min a memori, kuma a lokacin abin da na ɗauka kawai shi ne yarinya mai kwari da baka, wato Katniss, da samari biyu suna sonta. Sai da littafin ya zo hannuna daga wajen mai gwanjon littattafai sannan na gane ashe yunwa ce gaba ɗaya labarin. A fim za ka ji Gale, abokin Katniss, ya ce sau 42 sunansa ya shiga ƙuri'ar zaɓen yaran da ake kaiwa fili su kashe juna, a wuce wajen, ba a tsaya an yi maka bayani ba. A littafi ne za ka ga dalili, duk yaron da ya kai shekara 12 zai iya karɓo ɗan hatsi da mai na mutum ɗaya na shekara, amma a madadin haka a ƙara sunansa sau ɗaya a cikin kwalbar ƙuri'a, kuma taruwa yake yi shekara bayan shekara har ya kai 18. Katniss nata 20 ne. Kenan ɗan talaka da hannunsa yake sayen mutuwarsa don ƙannensa su ci, ɗan mai hali kuwa bai san ana yi ba. Wallahi da na zo nan ajiye littafin na yi na daɗe ban ɗauka ba.

Ɗan Sabon Gari:
Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni wajen burodin nan ne. A fim ɗan gilmawa kawai ake yi, ruwan sama, Peeta, ɗan mai gidan burodi, ya jefo wa Katniss burodi, shi ke nan. A littafi shekararta 11 fa, babanta ya rasu a fashewar ramin haƙar kwal, uwar ta zauna ba um ba um'um saboda baƙin ciki, ita kuma tana bin kwandunan shara a bayan shaguna ko za ta samu abin da za ta kai wa ƙanwarta Prim, yaron nan da gangan ya ƙona burodin, uwarsa ta buge shi ta ce ya kai wa alade, ya jefo mata. Idan ba ka san wannan ba ba za ka taɓa gane me ya sa take jin nauyinsa haka ba, ba soyayya ba ce tun farko, bashi ne take jin yana kanta kuma ita mutum ce da ba ta son a bi ta bashi.

Ƙanwar Maza:
ni akasin ku ce, littafi na fara, yayata ce ta kawo su daga makaranta guda ukun, na 2008 da Catching Fire na 2009 da Mockingjay na 2010 muka dinga karɓa-karɓa da dare da fitilar waya. da fim ya zo abin da ya fi ɓata min rai Madge ce, ɗiyar magajin garin gunduma ta 12, gundumar su Katniss, ita ce fa ta ba Katniss bajon tsuntsun nan amma aka share ta kwata-kwata aka mayar da shi abin da ta samo a kasuwa. sannan ƙafar Peeta!! a littafi yanke ta aka yi aka sa masa ta roba, a fim kuwa ya fito garau kamar ba abin da ya same shi, haka kunnen Katniss na hagu da ya daina ji bayan ta tarwatsa kayan abincin nan. har yanzu wannan yana damuna don idan yaro ya fito daga wajen nan da jikinsa lafiya lau to an rage wa abin nauyi.

Malamin Adabi:
Ƙanwata kina da gaskiya amma bari in ɗan kare fim ɗin. Littafin daga bakin Katniss yake, abin da ba ta gani ba ba za mu gani ba. Shi kuwa darakta Gary Ross ya fito da mu waje, ya kai mu ɗakin da ake sarrafa filin, muka ga mutane cikin fararen kaya suna taɓa allo suna kunna wa yara gobara kamar ba rayuka ba, muka ga hirar shugaban ƙasa Snow da Seneca Crane mai tsara wasan a lambun furanni, wadda babu ita a littafi. Donald Sutherland da ya fito a matsayin Snow, wanda ya mutu a 2024, ko murya ba ya ɗagawa amma sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ni abin da ya same ni da ban ne. A gidan wani aboki muka kalla mu da yawa, da aka zo wajen da Katniss ta yanko gidan rina ya faɗo kan masu farautarta sai ɗakin ya kaure da ihu da tafi har da ni, muna murna yarinya ta mutu. A hanyar gida abin ya tsaya min a rai, don abin da mutanen Kafitol, babban birnin da ke shirya wasan, ke yi kenan. Marubuciyar ta taɓa bayyana cewa tunanin ya zo mata ne wani dare tana canza tasha tsakanin shirin gasa na talbijin da hotunan yaƙin Iraƙi har suka fara cakuɗe mata, ga shi mahaifinta soja ne da ya je Biyetnam. Littafin ba ya ba ka damar tafi, kana cikin kanta, ƙishirwarta kake ji.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ni ko tafin ban samu yi ba. Rue, ƙaramar yarinyar da ta haɗa kai da Katniss a fili, ita ce ta gama da ni. Lokacin ina goyo, da aka zo wajen da Katniss ta lulluɓe gawarta da furanni kashe kallon na yi na shiga ɗaki. Daga baya da na karanta sai na ga abin ya fi haka ciwo, yarinyar nan daga gunduma ta 11 take, su ne masu noma wa ƙasar abinci, amma wanda aka kama ya ci amfanin gona bulala ake masa a bainar jama'a, kuma da Katniss ta miƙa mata cinyar tsuntsu ta ce ba ta taɓa samun cinya guda ita kaɗai ba. A fim bore aka nuna mutanenta sun yi bayan ta mutu, ya yi kyau ban ƙi ba, amma a littafi burodi suka haɗa kuɗi suka aiko wa Katniss cikin fili, mutanen da su kansu ba su ƙoshi ba. Ni wannan ya fi boren taɓa ni nesa ba kusa ba.

Ɗan Sabon Gari:
Maman 'yan biyu Allah ya raya. Ai har karnukan ƙarshen nan an sassauta, a littafi idanun yaran da suka mutu ne a fuskarsu har da ta Rue.

Bazazzagiya:
Ba wanda zai yi maganar Mockingjay ne? Ni shi ne na kusa jefar da shi da farko, na ga Katniss kullum tana ɓuya a lungu tana kuka, ana ɗura mata magani, ina ta jira ta tashi ta ja runduna. Sai da na sake karantawa bayan na girma na gane ai haka wanda ya ga abin da ta gani yake zama, kuma su ma 'yan tawayen gunduma ta 13 kwalliya suke mata su sa ta gaban kyamara kamar yadda Kafitol ta yi. Raba fim ɗinsa gida biyu da aka yi, 2014 da 2015, ni a ganina neman kuɗi ne, kashi na farko ja kawai yake yi. Amma na yaba musu da ba su canza ƙarshen ba, Prim ɗin da saboda ita aka fara komai ta mutu a bam ɗin da aka sako da 'yan lemomi, Coin shugabar 'yan tawaye ta kawo shawarar a sake yin wasan da 'ya'yan Kafitol, Katniss ta ɗaga baka ta bar Snow ta harbe Coin. Ƙanena da bai karanta ba ya juyo yana tambayata wai kuskure ta yi? Na ce masa sam. Wani abu kuma, wasiƙar da Haymitch, mai horar da ita, ya karanta mata a ƙarshe, ɗan fim Philip Seymour Hoffman ne ya kamata ya yi wajen da bakinsa amma ya mutu a Fabrairun 2014 bai ƙarasa ɗaukar nasa ba.

Malamin Adabi:
Haka ne 'yar'uwa. Kuma ɗaga yatsu ukun nan, alamar bijirewa a labarin, ya fita daga fim ya shiga titi, masu zanga-zanga a Tailan sun yi shi bayan juyin mulkin 2014, a Miyanma ma haka a 2021. Ranar da na gani a labarai na kira ɗalibaina na nuna musu.

Ƙanwar Maza:
wa ya karanta sababbin? na Snow yana saurayi na 2020 na sha wahalarsa don zama cikin kan mugun mutum ba daɗi, kana ji yana ba kansa uzuri a kan kowace cin amana, fim ɗin 2023 kuma sai ya sa ka ji tausayinsa saboda ba ka jin abin da yake saƙawa a zuci. na Haymitch na 2025 kuwa Sunrise on the Reaping, wasa na 50 da aka ninka yara suka zama 48, wallahi tun da na gama shi ban ƙara kallon shaye-shayensa a matsayin abin dariya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanwata kar ki ƙara ko kalma, ban kai nan ba. Tambayata ga Malam, babbar 'yata shekararta 13 tana ta naci, ni na fi karkata in ba ta littafin farko mu dinga tattaunawa babi-babi kafin ta ga fim, ya kake yi da ɗalibanka?

Malamin Adabi:
Haka nake yi Hajiya, littafi tukuna. Amma ki karanta wajen Rue da na karnukan tare da ita, kar ki bar ta ita kaɗai da dare.