Waɗanda suka zauna a Munich, me kuka gani a birnin da kewayensa?

Ɗalibi mai shirin tafiya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. In Allah ya yarda zan yi wata uku a Munich da ke ƙasar Jamus wajen wani kwas, kuma ba na so in dawo gida ban san komai ba sai hanyar masauki da ta aji. Duk wanda na tambaya, ƙungiyar Bayern da bikin giya kawai yake ambata mini. Ina roƙon waɗanda suka taka ƙasar da ƙafarsu su faɗa mini abin da suka gani.

Injiniya, shekara shida a birnin:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Lahadin farko da na yi a can da yunwa na wuni, domin ban san cewa kantuna a rufe suke ranar ba, sai 'yan kaɗan na tashar jirgin ƙasa. Daga baya Lahadi ta zama ranar da na fi so, saboda a ranar kuɗin shiga Alte Pinakothek, gidan tsofaffin zane-zane, yuro 1 ne kacal. Ka je dandalin Marienplatz da ƙarfe 11 na safe ka ga 'yan tsanan agogon majalisar birni suna juyawa, amma sau ɗaya ya isa. Wurin da ya fi kama zuciyata shi ne tudun da ke filin wasannin Olamfik na 1972, wanda aka tara da ɓaraguzan gidajen da bama-bamai suka rushe a Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu ciyawa ta rufe shi, kuma ranar da sama ta washe kana hango duwatsun Alps daga kansa.

Ma'aikaciyar jinya:
Ɗana, ni maganar ciki zan yi maka. Farin tsiran da suke alfahari da shi, Weisswurst, akwai naman alade a cikinsa ko da an ce maka na maraƙi ne, saboda haka ka riƙa tambaya ba tare da jin nauyi ba. Naman halal da kayan miya kuwa suna nan a shagunan Turkawa da Larabawa na titunan Goethestrasse da Landwehrstrasse, kusa da babbar tasha. Sallar Idi ta farko a masallacin Freimann na yi ta, wanda aka buɗe tun 1973. Na daɗe ina ƙin bin abokan aikina zuwa lambunan shan giya da suke zama da yamma, har na fahimci cewa al'adarsu ta yarda mutum ya zo da abincinsa, ya sayi ruwan tuffa kawai. Ranar da na kai dambun nama sai da aka cinye shi tas. Kowa dai ya san inda zuciyarsa take natsuwa, ban ce dole ka je ba.

Malamin tarihi:
Alhaji da Hajiya sun yi bayani mai kyau, ni kuma roƙona ɗaya ne: kada ka bar ƙasar ba ka je Dachau ba, garin da tsohon sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi yake. Jirgin S2 zai kai ka garin cikin ƙasa da rabin sa'a, sannan ka hau bas zuwa sansanin, shiga kuma kyauta ce. 'Yan Nazi sun buɗe shi a watan Maris na 1933, makonni kaɗan bayan Hitler ya hau mulki, kuma abokan hamayyar siyasa aka fara tsarewa kafin a kawo Yahudawa da limaman coci da sauran waɗanda aka tsana. Fiye da mutum 200,000 suka ratsa ta wurin, aƙalla 41,500 suka mutu, kafin sojojin Amurka su iso ranar 29 ga Afrilu, 1945. Na sha karanta waɗannan alƙaluma, amma da na tsaya a filin da ake jera fursunoni a ƙirga su cikin sanyi, na ga kusancin katangar da gidajen jama'a, sai na kasa magana. Na tarar da ɗaliban sakandare tare da malaminsu, yana bayyana musu abin da kakanninsu suka aikata ba tare da kwana-kwana ba. Wannan ne ya ba ni amsar abin da ya sa Jamusawan da na yi aiki da su ba sa wasa da maganar. Ka ware masa yini guda, kada ka haɗa shi da wani yawo.

Ɗaliba a Garching:
Yaya, mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi tikitin jirgin ƙasa guda mai suna Bayern-Ticket, muka tafi Garmisch-Partenkirchen, gindin Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus mai mita 2,962. A ranakun aiki sai ƙarfe 9 na safe tikitin yake fara aiki. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da a watan Yuli ne, domin a ƙasa muna gumi, a sama kuwa kan ƙanƙara muka taka.

Ɗalibi mai shirin tafiya:
Allah ya saka muku da alheri. Malam, Dachau zan fara zuwa a Asabar ta biyu da isata. Hajiya, don Allah wane jirgi ne yake kaiwa kusa da masallacin?