OpenBSD ɗina ƙwaya ɗaya kawai yake gani a furosesa, a taimaka

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara. Na sa tsarin aiki na OpenBSD 7.6 a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙwaya (core) ɗaya a furosesa, komai lafiya, sai na cire SSD ɗin na maida shi sabuwar da na haɗa mai ƙwaya huɗu zare (thread) takwas. Ta tashi ba matsala amma idan na buɗe top layin CPU ɗaya tak nake gani, kuma idan ina haɗa manhaja sai ta riƙa jan ƙafa kamar tsohuwar. A BIOS duka huɗun suna nan na duba. Me na ɓata?

Hadiza: Wa alaikumus salam. Turo mana abin da waɗannan suka ba ka
sysctl kern.version
sysctl hw.ncpu hw.ncpufound hw.ncpuonline

Abba: ka sa Linux ka huta malam

Hadiza: Abba an fara kenan.

Kabiru: shigowata kenan na ga ana ta ƙwaya ɗaya ƙwaya huɗu na zaci zauren likitoci na faɗo 😂

Nura: Anti Hadiza ga shi. kern.version ya ce GENERIC, hw.ncpu=1, hw.ncpufound=8, hw.ncpuonline=1

Hadiza: To ai ga amsarka nan a hannunka. GENERIC ba tare da .MP ba kanel (wato zuciyar tsarin aiki) ɗin furosesa ɗaya ne. Ya ƙirga takwas ya gani, amma ba a gina shi don ya tashe su ba. Idan ka duba dmesg za ka ga layuka na cpu at mainbus0: not configured, su ne sauran. Lokacin da ka girka a tsohuwar, mai girkawar ya ga ƙwaya ɗaya sai ya ajiye maka bsd na talaka. Da a sabuwar ka girka da shi da kansa zai ɗauki bsd.mp ya maida shi /bsd, ya ajiye ɗayan da sunan bsd.sp. Duba ls / ko akwai bsd.mp

Nura: babu. bsd, bsd.rd da bsd.booted ne kawai

Kabiru: sauke bsd.mp na 7.6 daga madubi, cp a kan /bsd, ristat, an gama. minti biyu

Yaya Bello: Kabiru a'a, kar ka koya wa yaro rabin hanya. Zai tashi da MP ɗin gaskiya ne, amma tun 6.2 kanel ɗin sake jera kansa yake yi duk tashi, kuma kafin ya yi sai ya gwada /bsd da abin da ke /var/db/kernel.SHA256. Ka canza da hannu lissafi bai zo daidai ba, sai ya ƙi jerawa, daga nan syspatch, mai sa facin tsaro, ma ya fara ba ka ciwon kai a facin kanel. Nura abin da za ka yi, a wajen boot> ka rubuta bsd.rd, wato kanel ɗin mai girkawa, ka zaɓi Upgrade zuwa 7.6 ɗin da kake kai, ka bar shi ya yi aikinsa. Zai ga injin mai ƙwaya da yawa ne ya gyara komai da kansa. Ka gama ka sake syspatch.

Kabiru: ai akwai sha256 -h /var/db/kernel.SHA256 /bsd yaya, layi ɗaya ne

Yaya Bello: Kuma kayan haɗin GENERIC.MP da ke ƙarƙashin /usr/share/relink fa, kana da tabbacin suna nan a faifansa? Ni ba ni da shi. Bari mai girkawa ya yi.

Malam Sani: Salam. Na karanta daga sama, naka mai sauƙi ne Nura, ka bi maganar Bello. Amma tunda an taɓo maganar bari in faɗi abin da ya same ni don wani zai zo nan gobe da irin tawa ba irin taka ba, kuma za a ce masa ya kashe acpi, hanyar da bod ke ba kanel bayanin na'urori da wuta, kamar yadda aka ce min.

Wata saba ce na samu ta hannu, soket biyu, kowane soket da furosesansa da layin ram ɗinsa. bsd.sp na tashi sumul, kwana da kwanaki ba ko tari. Da zarar na ce boot bsd.mp sai ta lissafo cpu0, ta lissafo cpu1, ta ɗan ci gaba sannan ta sandare, ba panic ba ddb (wurin binciken da kanel ke faɗawa idan ya faɗi) ba komai, allo kawai a tsaye kibod ma ba ya amsawa. Wani ya ce min in yi boot -c in rubuta disable acpi in fita. Na yi ta tashi, wallahi ranar har murna na yi na ɗauka an wuce wajen. Ashe na ƙara wa kaina ne. Idan ka kashe acpi kanel ba ya karanta teburin MADT, wanda shi ne inda bod ke faɗa masa furosesa nawa ne da yadda kiran na'urori zai iso gare su, sai ya koma tsohon teburin MP na Intel na shekarun 1990 wanda masu bod da yawa sun daina kula da shi. Sakamakon, ƙwayoyin da ya gani ba su cika ba, katin netwok ya fara watchdog timeout duk bayan 'yan mintoci saboda kiransa ba ya isa inda ya kamata, kuma idan na ce ta kashe kanta ba ta mutuwa sai na danna maɓalli. Sati uku ina wannan fama ina zargin kanel, har na fara rubuta rahoto da zafi.

Abin da ya cece ni waya ce ta siriyal. Na sa set tty com0 a /etc/boot.conf na haɗa da wata kwamfutar na kama duk abin da take faɗa kafin ta sandare, na jera dmesg na sp da na mp gefe da gefe ina bi layi layi. A nan na ga wurin da take tsayawa kullum ɗaya ne, daidai inda ake saita ioapic na biyu, wato mai rarraba kiran na'urori. Na duba BIOS ɗin sai na ga na farkon fitowar bod ɗin ne ba a taɓa sabunta shi ba. Na sabunta, na maida saitin zuwa na asali, na bar acpi a kunne, ta tashi da ƙwayoyinta cif.

Ban gama ba fa. Bayan kwana biyu ina make -j8 ta faɗa ddb. Na sake, ta sake faɗawa amma a wani wuri daban, trace ɗin yau daban na gobe daban. Wannan ita ce alamar da nake so ku riƙe: idan laifin manhaja ne yawanci wuri ɗaya take faɗuwa ko kusa da juna, idan kuwa yau nan gobe can to ka fara zargin ƙarfe. Na bar memtest86+ ya kwana, sanda ɗaya ta ram a gefen soket na biyu ce ta lalace. Da sp aikin bai taɓa yin nauyin da zai kai can ba shi ya sa take ɓoye. Na zare ta, yau shekara ta wuce ban sake ganin ddb ba.

Kuma duk wanda zai tura rahoto da MP, trace na ƙwaya ɗaya bai isa ba. A ddb ka yi show panic, trace, ps, sannan machine ddbcpu 1 ka sake trace, ka bi su duka ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa wadda ta faɗi ba ita ce mai laifi ba, wata ce ta riƙe kwaɗon kulle (lock) ta ƙi saki. Ka haɗa da cikakken dmesg, sendbug zai ɗauko maka shi.

Ummi: Allah ya saka Malam. Wannan na siriyal ɗin ban taɓa sani ba, ni hoton allo nake ɗauka da waya rabin rubutun ya wuce

Abba: sati uku!! a Linux da nosmp ko maxcpus=1 ko noapic a grub ka gane inda matsalar take cikin awa ɗaya. tun 1996 muke da SMP, wato aiki da furosesa da yawa, ku sai 2004

Malam Sani: Abba ram ɗin da ta lalace ba ta tambayar wane tsari ka sa. Kuma noapic da acpi=off ɗin naku ai ita ce shawarar da aka ba ni da wani suna, ciwo ɗaya take jawowa.

Abba: na yarda da ta ram Malam. amma babban kwaɗon kanel fa? mu mun cire namu a 2.6.39 tun 2011, ku har yanzu kuna ɗauke da shi, ƙwaya 16 amma cikin kanel ana layi ɗaya bayan ɗaya

Hadiza: Yana nan ba wanda ya ɓoye, amma ba kamar da ba, kusan duk fitowa ana zare wani sashe daga ƙarƙashinsa musamman netwok da kiraye kirayen tsari. Kuma aikin Nura haɗa manhaja ne, yawancinsa a wajen kanel yake, kwaɗon ba zai hana shi cin ƙwayoyinsa ba.

Injiniya Tukur: Ku bar ganin abin kamar wasa, wannan rigimar ta kwaɗo ita ta raba mutane a FreeBSD. Sun fito da 5.0 a 2003 da sabon tsarin SMP, Matthew Dillon bai yarda da hanyar ba ya ɗauki 4.8 ya kafa DragonFly a shekarar. Har yau sunan Giant, babban kwaɗonsu, na nan a FreeBSD yana fitowa a dmesg na wasu direbobi.

Kabiru: Injiniya ya buɗe littafin tarihi a gudu 😂

Injiniya Tukur: Kai dai je ka gyara SHA256 ɗinka.

Nura: Alhamdulillah na bi ta bsd.rd kamar yadda Yaya Bello ya ce, yanzu GENERIC.MP ne. Amma akwai saura, hw.ncpu=8 hw.ncpuonline=4. Ina sauran huɗun suka shiga? ko wani abin ya sake lalacewa

Yaya Bello: Ba abin da ya lalace, haka aka so. sysctl hw.smt zai ba ka 0. Ƙwayoyinka na gaske huɗu ne kuma duk suna aiki, sauran huɗun zaren Hyper-Threading (SMT) ne, an kashe su tun 6.4.

Abba: ka sayi takwas a ba ka huɗu kuma a ce ka gode

Hadiza: Bai sayi takwas ba Abba, huɗu ya saya. Zare biyu a ƙwaya ɗaya rabon kaya suke, ma'ajiyar L1 ɗaya, TLB ɗaya, shi ya sa shirin da ke zare ɗaya zai iya leƙen abin da ɗan'uwansa ke yi ta hanyar auna lokaci. Mark Kettenis ya sa hw.smt a watan Yuni 2018 mutane suka yi ta surutu, watan Agusta matsalar tsaro ta L1TF ta fito, Mayun 2019 irinta MDS ta biyo, kuma a duka biyun maganar kashe SMT ta dawo. Ku ma ai kuna da mitigations=auto,nosmt don wannan dalilin.

Abba: muna da shi amma ba a kunna mana dole

Hadiza: Nan ma ba dole, layi ɗaya ne. sysctl hw.smt=1 nan take ba ristat, idan yana so ya zauna ya sa hw.smt=1 a /etc/sysctl.conf

Ummi: to shawara fa, ya kunna ko kar ya kunna? ni ma tawa haka take

Malam Sani: Ya danganta da abin da injin ke yi 'yata. Idan akwai mutane da yawa a kansa, ko kina buɗe burauza da shafukan da ba ki san wa ya rubuta su ba, ni ba na kunnawa. Idan akwati ne a gefe da ba ya komai sai haɗa manhajarki ke kaɗai, gwada da kanki, time make -j4 da smt a kashe, sannan ki share ki sake time make -j8 da shi a kunne. Kar ki sa ran ninki biyu, ba ya kaiwa kusa, wani aikin ma ba ki ganin bambanci.

Yaya Bello: Ni ko a akwatin gefe ba na kunnawa Malam. Yau ka ce ba komai a kai, wata uku ka manta ka sa masa wani abu.

Malam Sani: Wannan ma magana ce.

Kabiru: tambaya a gefe, nawa baƙo ne (injin VM) a vmd na OpenBSD kuma shi ma ƙwaya ɗaya yake gani, bsd.rd ɗin zan bi?

Hadiza: A'a kar ka wahalar da kanka, a 7.6 vmd ƙwaya ɗaya yake ba kowane baƙo, ko ka sa bsd.mp ɗaya zai gani. A VirtualBox ko QEMU ne za ka ƙara adadi, kuma a VirtualBox ka tabbata I/O APIC a kunne yake.

Injiniya Tukur: Wanda ke FreeBSD kuma idan ya ga ɗaya ya leƙa /boot/loader.conf ko wani ya taɓa sa kern.smp.disabled=1 ya manta. Na gaji wata saba haka, wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa don gwaji bai cire ba.

Nura: Na gwada na Malam a kan abin da nake haɗawa, da takwas ya ɗan fi sauri amma fanka sai ihu take, na maida 0 tunda a nan nake buɗe burauza. Na gode ƙwarai Anti Hadiza, Yaya Bello, Malam Allah ya ƙara lafiya.

Ummi: Malam wayar siriyal ɗin, tawa ba ta da wannan ramin a baya sam, ta USB za ta yi?

Malam Sani: A ɓangaren kwamfutar da ke saurare za ta yi, da cu za ki haɗa. A ɓangaren mai sandarewar kuwa sai com na gaske, buɗe murfin ki duba kan bod ɗin, da yawa suna da fil tara ko goma da aka rubuta COM1 a gefensu ba a dai fito da shi waje ba. Turo hoton bod ɗin in duba miki.