Tsutsotsi a hanjin ƙadandoniya: ta ina zan fara tantance su?

Ɗalibar ilimin noma, Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina aikin kammala karatu kan ƙadandoniyar da ke ɓarnar gyaɗa da hatsi a gonakin bakin Gulbi. Da na feɗe wasu, sai ga ƙananan tsutsotsi farare suna motsi a ƙarshen hanjinsu. Don Allah waɗanne iri ne, kuma yaya ake adana su? Ko za su iya kashe mana ƙadandoniyar manoma su huta?

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Galibi dangi biyu ake samu a wurin: Rhigonematida da Thelastomatidae. Ki sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ki fara da maƙogwaro. Na Rhigonema (daga dangin farko) gajere ne mai kauri. Na Thelastoma (daga dangi na biyu) dogo ne, yana tsukewa kafin ya kumbura daga ƙarshe, macen kuma tana da wutsiya siririya kamar zare. In kin ga ƙayoyi a wuya, ki duba wajen Heth ko Carnoya, su ma ire-iren tsutsa ne na dangin farko. Amma kada ki raɗa suna da mata kaɗai. Ki nemo namiji, domin allurar barbararsa ce ke raba gardama: biyu a Rhigonema, ɗaya ko babu a dangin Thelastoma. Mazan nan ƙanana ne, sai an yi haƙuri.

Ɗalibar:
Na gode yaya. To adanawa fa?

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ki feɗe ƙadandoniyar cikin ruwan gishiri 0,9%. Ki raba tsutsotsin kashi biyu: na duba siffa a fomol (ruwan maganin hana ruɓewa) 4% mai zafi, daga baya a mayar cikin gilisarin, na gwajin ƙwayoyin gado (sassan da ake kira 28S da 18S) a alkol 95%. Fomol yana lalata ƙwayar gado, kada ki haɗa su kwalba ɗaya.

Wani malami:
Ɗiyata, ki ajiye ita kanta ƙadandoniyar, musamman namiji. Da gaɓoɓin barbararsa na zobe na 7 na jikinsa ake gane ko wane iri ce. Tsutsar da ba a san mai masaukinta ba, rabin aiki ce. Batun kashewa kuwa, ki cire rai. Yawancinsu ƙananan halittu irin su bakteriya da ke cikin hanjin suke ci, ba ƙadandoniyar ba.

Manomi daga Tibiri:
Malam, mu fa da muke tsintar ƙadandoniyar da hannu lokacin shuka?

Malamin:
Ba tsutsar cikin mutum ba ce, Alhaji. Ruwan warin da ƙadandoniya ke fitarwa shi ne abin kiyayewa. A wanke hannu kafin a taɓa ido.