Gwajin manhajarmu yana cin minti 40: mu raba shi ya riƙa gudana a lokaci guda?

Injiniya_Mabera:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke kula da wata manhajar biyan kuɗin makaranta da muka rubuta da Django (tsarin gina manhajojin intanet da yaren Python), kuma gwaje-gwajen da ke tashi da kansu a GitHub Actions (sabis ɗin GitHub mai gudanar da irin waɗannan ayyuka a kwamfutocinsa) duk lokacin da aka tura gyara sun kai ga cin minti 40. Ma'ajiyar aikin ta sirri ce, muna kan tsarin kyauta mai minti 2,000 a wata, kuma ba mu da kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da za mu riƙa gudanar da gwajin a kanta. Ina neman wanda ya taɓa raba gwaje-gwajensa suna gudana tare ya faɗa mini ko riba ya gani ko wahala.

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam. Ku yi hayar saba kawai, ni dubu 15 nake biya a wata.

Maman_Ilham:
Malam, ya riga ya ce ba su da kuɗin saba. Injiniya, tun daga Django 1.9 akwai umarnin manage.py test --parallel, wanda ke bai wa kowane mai gudanar da gwaji nasa kwafin rumbun bayanai, don haka ka fara da shi kafin ka kashe ko sisi. Sai dai idan ka raba aikin gida huɗu a GitHub Actions, kowane kashi zai sake girka kayan aikinsa daga farko kuma a lissafa mintocinsa daban, ta yadda jiran zai ragu amma minti 2,000 ɗin ya ƙare da wuri.

Baban_Khalifa:
Ni abin nan ya taɓa raba ni da kwangila. Wani abokin aikinmu ya kunna pytest-xdist (ƙari ne ga manhajar gwaji ta pytest, mai raba gwaje-gwaje su gudana tare) da umarnin -n auto, wanda ke sa ta zaɓi yawan rabon da kanta, lokaci ya sauko daga rabin awa zuwa minti tara, kowa yana murna. Ashe gwaje-gwajen rasit duka suna rubutu a babban fayil ɗaya kuma suna amfani da ma'ajiyar bayanai ta Redis guda ɗaya, sai wani ya goge abin da wani yake kan karantawa. Yau gwaji ya faɗi, gobe ya wuce, alhali ba a taɓa komai ba. Da haka aka saba da danna maɓallin sake gudanarwa har sai an ga kore, alamar gwaji ya wuce. Ranar da gwaji ya faɗi da gaskiya, saboda kuskuren da ke cirar kuɗi sau biyu idan intanet ta yanke a tsakiyar biya, aka ɗauka irin faɗuwar da aka saba ce, aka yi ta dannawa har ya wuce. A makon komawa makaranta na tsaya a ofishin mai karɓar kuɗi, iyaye suna miƙo mini wayoyinsu da saƙon banki biyu-biyu, wani dattijo yana tambayata da me zai sayi gero. Ba a sabunta mana kwangilar ba.

Abu_Fatima:
Allah shi mayar da alheri, Yaya. Amma da saba mai ƙarfi kuke da ita, da ba ku shiga wannan ba.

Ɗan_Arkilla:
Wace saba ce ta dubu 15? Ni mai cibiyoyin sarrafawa huɗu nake haya, kuma ta haura dubu 40. Ko dai farashin shekarun baya kake faɗa?

Malam_Jami'a:
Ƙarfin saba ba ya hana gwaje-gwaje biyu karo a kan fayil ɗaya. Sannan tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke iyakance saurin da za a samu. Idan minti 10 cikin 40 ɗin nan na girka kaya ne da gina rumbun bayanai, ko ka raba ragowar gida goma ba za ka sauka ƙasa da minti 13 ba. Ka fara auna inda lokacin yake tafiya.

Baban_Khalifa:
Ranka shi daɗe, lissafin aji daban ne da tsayuwa gaban iyayen yara.

Maman_Ilham:
Yaya, labarinka ma ai shaida ce ga Malam. Gwaje-gwajenku sun dogara da juna tun asali, rabawar ce kawai ta tona asirin.

Ɗan_Arkilla:
Wanda ya kunna -n auto a kwamfutarsa ta cinya a watan Afrilu a Sakkwato, ya tanadi tsire ya gasa a kai, kada zafin ya tafi a banza.

Abu_Fatima:
Ni tambayata ita ce da wane kati kuke biyan dalar hayar saba? Nawa ya ƙi wucewa a watan jiya, kamfanin ya dakatar da sabar, na je banki aka ce in dawo ranar Litinin.

Ɗan_Arkilla:
Ni ta hannun wani mai canji nake biya, kuma abin da yake ɗorawa a kan kowace dala ya fi ƙarfina. Akwai wanda ya san hanyar da ta fi sauƙi?

Injiniya_Mabera:
Na gode muku duka. Hajiya, namu gwaje-gwajen ma da pytest aka rubuta su, shin --parallel ɗin zai yi aiki da su?