Shin mai aiki zai iya digiri na biyu a fannin zane?

Malamin zane a sakandare: Ni dai ina kan bakana cewa digiri na biyu a zane ko sassaƙa ba ya kammaluwa da karatun ƙarshen mako, domin hannu ba ya faɗawa sai da zama a ɗakin aiki kullum. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi fice ne saboda suna tare, kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa yana yi masa gyara.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, waɗanda ka ambata ɗaliban matakin farko ne, alhali muna magana ne kan wanda ya riga ya iya sana'arsa. Ka duba fannin jinya ta hanyar zane, wanda mai zane ɗan Birtaniya Adrian Hill ya raɗa wa suna a 1942 bayan ya yi fama da tarin fuka. A Birtaniya ana yin digirinsa a shekara 2, mai aiki kuma ya yi a shekara 3, kuma dole kowannensu ya zauna da marasa lafiya ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a yi masa rajista. Wadda ta saba zama da majinyacin da ya ƙi magana, ta san lokacin da za ta miƙa masa takarda da fensir ta yi shiru, kuma barin aikinta asara ne ga karatun kansa.

Jami'in gidan tarihi: Hajiya ta yi gaskiya, kuma haka abin yake a fannin gudanar da harkokin fasaha. Tsara kasafin baje koli, neman masu ɗaukar nauyi, da kare tsofaffin tufafi daga danshi da gara, duk a bakin aiki ake fahimtarsu.

Malamin zane a sakandare: Na sallama muku waɗannan biyun, amma ban janye ba a kan aikin hannu. Yumɓun da aka fara ginawa ranar Asabar ba zai jira wata Asabar ba. Ko an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a lokacin hunturu sai ka tarar ya bushe ya tsage.

Ma'aikaciyar jinya: To Malam, ashe matsalar ta wurin aiki ce. Idan sashen zane na jami'a zai bar ɗakin a buɗe da yamma, mai aiki ya riƙa zuwa bayan ya tashi, me ya rage a hujjarka?